Kafin ka shiga rairayin Jurab da ayarin motoci: amsa ga ƙanenmu na Garwa

Wani ƙanenmu daga Garwa ya aiko da tambaya. Ya ce ƙungiyarsu ta masu motocin kat-kat, wato masu ja da ƙafa huɗu, mota bakwai, za ta tashi daga Injamena a watan Disamba zuwa Faya a arewacin Chadi, daga can a wuce tafkunan Unianga. Shi Prado gare shi mai shan gas. Ya saba da jar ƙasa da taɓon damina na hanyoyin Kamaru, amma bai taɓa hawa tudun rairayi ba. Yana son sanin ko motarsa za ta iya, da abin da ya kamata ya koya. Sannan ya ce hutunsa gajere ne, don haka yana tunanin in an isa Faya ya bar ayarin ya juyo shi kaɗai, tun da ya riga ya ga hanya, kuma wayarsa za ta riƙe masa taswirar inda suka bi.

Ƙanena, na ji daɗi da ka tambaya tun ba ka ɗaure kaya ba. Ni na fara bin wannan hanya ina yaron mota a manyan motocin da ke kai gero da sukari Faya su dawo da dabino da kanwa. Daga baya na koma gyaran inji, yanzu kuma shekaru ke nan ina jan ayarin ƙananan motoci. Bari in fara da wutsiyar tambayarka, don ita ta fi tsaya mini a rai. Kada ka juyo kai kaɗai. Ko mota biyu ban yarda ba. In hutun bai kai ba, ko dai ka samu wasu motoci biyu daga cikin ayarin da za su juyo tare da kai, da ɗan ƙasa mai jagora a ta gaba, ko ka haƙura da tafiyar bana.

Dalilin da ya sa muke cewa uku: in ɗaya ta mutu, biyun da suka rage za su iya kwashe mutanenta, kuma in ɗaya daga cikinsu ta kafe akwai mai janta. Da mota ɗaya, fanbel da ya tsinke ko famfon ruwa da ya ci, abin da bakanike zai gyara cikin awa guda a Garwa, ya isa ya zama ajali. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa an tsinci gawar mutum 27 a hamadar Chadi, huɗu daga ciki yara. Daga Musoro suka tashi a a-kori-kura guda, wata 17 kafin a gan su, kuma abin da ake kyautata zato shi ne motar ce ta lalace, ƙishirwa ta gama da su. Musoron nan dai da za ku tsaya ku sha mai a cikinta. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Sai batun cewa ka ga hanya. Daga Injamena zuwa Faya kusan kilomita 1,000 ne. Za ku bi Masaget da Masakori ku shiga Musoro, daga nan ku bi kwarin Bahar el Gazal, tsohon kogin da ya ƙafe, ta Salal har Kuba Olanga. Bayan Kuba ne ake shiga Jurab, hamadar tuddan rairayi. A can abin da ake kira hanya sawun tayu ne barkatai, wani lokaci faɗinsa ya kai kilomita da yawa, sai tsofaffin tayu da ganguna da aka kakkafa don shaida. Iska ɗaya ta dare takan share sawun tas. Wanda bai share ba kuma ba lallai na Faya ba ne, akwai na masu haƙar zinariya da na 'yan fasa-ƙwauri da suka nufi Libiya ko Nijar. Tuddan kansu tafiya suke yi, ƙananan cikinsu sukan gusa mita gommai a shekara. Wayarka za ta nuna maka gabas da yamma, amma ba za ta gaya maka abin da ke bayan tudun da ke gabanka ba.

Kuma akwai abin da sababbi ba su cika lura da shi ba: hanyar zuwa da ta dawowa ba ɗaya ba ce, ko da sawu ɗaya ka taka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi. Ita ke gina tuddan, shi ya sa yawancinsu suke da siffar jinjirin wata, ƙahonninsu biyu na kallon kudu maso yamma. Bayan tudun, wato ɓangaren da iska ke duka, a kwance yake kuma da ɗan tauri, mota na hawansa kamar tana kan titi. Gabansa kuwa, inda rairayin ke zubowa, a tsaye yake, gangarensa ya kai digiri 32 zuwa 34, kuma laushi ne zalla. In kana tafiya Faya, fuskar nan mai tsayi ita ke kallonka, kana hango ta daga nesa ka kewaye ta. In kana dawowa, bayan tudun kake hawa, ƙasa na yi maka daɗi, ƙafarka na ƙara nauyi a kan totur, ba ka san ƙasar ta ƙare ba sai ka ga sama ta cika gilashin gaba.

Na ga wannan da idona wata shekara muna dawowa, wajen ƙarfe goma sha biyun rana. Wata a-kori-kura da ba ta cikin ayarinmu ta wuce mu ta dama da gudu. Ina kallon ƙurarta, sai kawai na daina ganin motar. Da muka kewaya ta ƙasan ƙahon tudun muka same ta ta kafa hanci a rairayi, gindinta a sama, tayun baya suna juyi. Tudun bai fi tsayin ɗaki biyu ba. Gatarin gaba ya lanƙwashe, lagireto ya fashe, ruwansa na tsiyaya yana ɓacewa nan take, wani yaro da ke zaune a kan kaya ya karye a allon kafaɗa. Direban ya fi ni sanin hanyar. Rana ce ta take tsaka, babu inuwar da za ta nuna masa bakin tudun. Da ba mu zo a bayansu ba, ban san kwana nawa za su yi a wurin ba. Wannan ita ce hanyar da kake son bi kai kaɗai, a karonka na farko.

To, motarka. Prado za ta je ta dawo in an kula da ita. Gaskiya ne Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ita ce jakar hamadar nan, kuma kayan gyaranta sun fi samuwa a Faya da Kalayit. Amma abin da zai kayar da kai ya fi yawa a taya da lodi. In rim ɗinka mai inci 18 ne da siririyar taya, ka canza zuwa 17, ko 16 in birkin motar ya yarda, don kana bukatar taya mai tsayin gefe wadda za ta baje in an rage mata iska. Tayar taɓo mai manyan haƙora da ka saba da ita a damina haƙa take yi a rairayi, ta binne kanta. Ka nemi mai matsakaicin zane. Safaya biyu, da kayan faci, domin ƙayar Bahar el Gazal ba ta raga wa kowa. Lodi kuma, duk mai nauyi, jarkokin mai da na ruwa, a ciki a ƙasa, tsakanin tayun gaba da na baya, a ɗaure tam. Saman mota na katifa da tabarma ne. Motar da aka ɗora wa jarka shida a ka, in ta karkata a jikin tudu, ba ta dawowa.

Yanzu ga abin da ya fi komai a tuƙin rairayi, iskar taya. Rabin kafewar da na gani a rayuwata daga nan take. A kwalta da lodi kana kan kilo 2.5 ko sama, a ma'aunin gejin iska. Da an bar ƙasa mai tauri za a tsaya, kowa ya durƙusa gaban tayarsa. Ka danna bawul, ka riƙa aunawa da geji, kada ka yi da ido. Ka sauko zuwa kilo 1.5, na baya su ɗan fi na gaba in lodin a baya yake. Ka tsuguna ka kalli inda tayar ta taɓa ƙasa: da kamar tafin hannu take, yanzu ta miƙe ta yi tsawo kamar tafin raƙumi. Tsawon nan shi ke ɗaukar motar a saman rairayi. A cikin Jurab sosai muna sauka zuwa 1.2. In mota ta kafe ana iya kaiwa 0.8 don a fita kawai, a ƙara iska da an fita. Bayan tafiyar awa guda ka sake aunawa, don zafi yakan ɗaga iskar, tayar da ka bari a 1.2 da sassafe ka same ta a 1.5 da hantsi, kana mamakin me ya sa motar ta yi nauyi.

Taya mai ƙarancin iska tana da sharuɗɗanta. Ba a gudu da ita, kada ka wuce 50 ko 60 ko da fili ya buɗe, don zafi na cin gefenta daga ciki. Ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, sai ta zame daga rim, ka ji fuu, motar ta durƙusa. Kwana mai faɗi ake yi. Kuma da an fito kan duwatsu, kamar yadda za ku tarar kusa da Faya da hanyar Unianga, dole a tsaya a mayar da iska, in ba haka ba dutse ya yanka gefen tayar. A yini ɗaya ana iya ragewa da ƙarawa sau uku ko huɗu. Mutane sukan gaji su ce a wuce haka nan, nan ne ake asarar taya. Ka sayi famfon iska mai kama batir kai tsaye, ba ƙaramin nan na ramin kunna sigari ba, kuma ka riƙe na hannu ko na ƙafa saboda ranar da wancan zai ƙone.

Wajen giya, Prado kullum ƙafa huɗu take ja, amma ka danna maɓallin da ke kulle tsakiya don gaba da baya su ja daidai. Ka kashe na'urar nan da ke rage wa inji ƙarfi in taya ta yi sulɓi, don a rairayi ita ce za ta yanke maka ƙarfi a daidai inda kake bukatarsa. A fili H4, babbar giya ta gudu, ta isa. A cikin tuddai L4, ƙaramar giya mai ƙarfi, ta fi, ka tashi da giya ta biyu, ka yi tafiya da ta uku da ta huɗu. Ka zaɓi giyarka tun kafin ka shiga laushi, domin da ka taka kuloci a tsakiya motar za ta tsaya cak kamar an riƙe ta ta baya. Kada ka bar ƙafa a kan kuloci, in ka ji ƙauri ka riga ka fara cinye shi. In ta otomatik ce, ka riƙe ta da hannu a giya ɗaya, kada ta yi ta hawa da sauka har manta ya yi zafi. In za ka tsaya, ɗaga ƙafa kawai, rairayi zai tsayar da kai. Birki tara ƙasa yake yi a gaban taya. Kuma ka tsaya inda hancin motar ke kallon gangare ko kan wuri mai tauri.

Hawa tudu a miƙe ake yi, sauka ma a miƙe. Ka ɗauko ƙarfinka daga ƙasa, ka riƙe totur daidai, in ka kusa kai ka sassauta yadda motar za ta isa bakin da ƙyar, ta leƙa. Wurin da ba ka sani ba, sauka ka taka da ƙafa ka duba. In ƙarfi ya ƙare maka a tsakiyar hawa, kada ka kuskura ka juya motar a jikin tudun. Sa ribas, ka sauko a kan sawunka, ka ƙara nisa ka sake gwadawa. In kuma dole ta sa za ku sauka ta fuskar nan mai tsayi, L4, giya ta ɗaya ko ta biyu, hanci ƙasa sak, ba birki ba kuloci. Rairayin zai riƙa zubowa tare da kai yana gurnani a ƙarƙashin mota, cikinka zai ɗuri ruwa, ƙafarka za ta nemi birki da kanta. Hana ta. In ka ji gindin motar na neman zagayowa, ɗan taɓa totur kaɗan, sai ta miƙe.

Kafewa kuwa kowa na kafewa, har wanda aka haifa a Faya. Abin da ke raba gwani da baƙo shi ne lokacin da ya ɗaga ƙafa. Da ka ji motar ta daina gaba tayu na juyi, tsaya nan take. Duk ƙarin totur haƙa kabarinta kake yi, har cikinta ya zauna a ƙasa, aikin minti biyar ya koma na awa biyu. Gwada ribas a hankali a kan sawunka. In ta ƙi, sauko, rage iska, kwashe rairayin da ke gaban tayu huɗun da shebur, ka tura faifan ƙarfen nan da muke ce wa tol a ƙarƙashinsu, fasinjoji su tura. In ta tashi kada ka tsaya sai kan tauri, masu tol su biyo ka da ƙafa. Ka ɗaura wa kowane tol guntun igiya, don yakan nutse a neme shi a rasa. In ta kai ga ja, da igiyar ja mai talewa ake yi, a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi. Kada a taɓa ɗaurawa a ƙwallon jan tirela. In ya ɓalle, tahowa yake kamar harsashi ya fasa gilashi, ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Kowa ya ja baya fiye da tsawon igiyar, mutum ɗaya tak ke ba da umarni.

Shi ayarin kansa, ba mu muka ƙirƙiro tsarinsa ba. Fataken da suka bi hanyoyin Gwanja da Bilma suna da madugu mai yanke shawara, da jagaba a gaba mai sanin hanya da rijiyoyi, da mai tsaron baya da ke tattara wanda ya gaji. Haka muke yi da motoci. A ta gaba akwai ɗan ƙasa, Bagorane ko Batube da ya tashi a yankin, wanda ke gane laushi da tauri daga launin rairayi da yadda iska ta zana shi. Ta ƙarshe ita ce mai bakanike da igiya da kayan gyara, kuma ba ta wuce kowa. Sabon hannu irinka a saka shi na biyu ko na uku, inda sawun bai dagule ba tukuna. Ba a wuce ta gaba. Ba a fita daga sawu don a gwada wani tudu mai kyau. Tudu kuma mota ɗaya-ɗaya ake hawa, sai an ce maka ta oba-oba wancan ya sauka ya matsa, ko ka gan shi da idonka.

Doka ɗaya ce nake maimaita wa direbobi kowace safiya bayan sallar asuba: motar da ke bayanka amanarka ce. Ta gabanka ba ruwanka da ita, akwai mai kula da kai a cikinta. Ka riƙa duba madubi. In ba ka ga na bayanka ba, tsaya inda kake. Na gabanka zai rasa ka ya tsaya, a haka har maganar ta isa ga madugu ko da babu oba-oba. Wata shekara, tsakanin Salal da Kuba, wani direba a ayarinmu ya shagala da hira ya yi kusan minti arba'in bai duba baya ba. Motar da ke bin sa ta tsaya canza taya, ta ƙarshen ta tsaya tare da ita, da suka tashi ƙura ta rufe, suka ɗauki wani sawu da ya yi yamma. Har magariba muna nema. Abin da ya cece su, da suka gane sawun ba namu ba ne sai suka tsaya, ba su ƙara ko taku ɗaya ba. Cikin dare suka hau tudu da mota ɗaya suka haska fitila sama, da gari ya waye suka ƙona tsohuwar taya, muka hango baƙin hayaƙin. Akwai mace mai goyo a cikinsu. Har yau in na tuna fuskar mijinta da ke cikin motata a daren nan, sai in ji ba daɗi. In ka ɓata, ka zauna da motarka. Tana da inuwa da ruwa, kuma ana hango ta daga nesa, mutum a ƙafa ba a hango shi.

Lokacin tafiya ma ilimi ne. Disamba zaɓi ne mai kyau, rana da sauƙi, dare kuwa da sanyi mai shiga ƙashi, ka taho da bargo mai kauri da rawani. A shiga tuddai da sassafe, lokacin rairayi ya kwana ya yi sanyi ya ɗan kama jikinsa, kuma rana na gefe tana fitar da inuwar kowane rami. Daga sha ɗaya zuwa ukun rana a nemi wuri a huta. A sauka zango tun la'asar, nesa da sawun manyan motoci masu tafiyar dare, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Sai dai hunturu shi ne lokacin ƙura. Kwarin Bodele da ke yamma da hanyarku yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, hazon da kuke gani a Garwa da Kano yawancinsa daga nan yake tasowa. Duk yankin gindin tsohon babban tafki ne, shi ya sa za ka ga farar ƙasa da ƙasusuwan kifi a tsakiyar hamada, kuma a Jurab ɗin ne aka tono ƙoƙon kan nan na wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum, da ake kira Tumai, a 2001. Ka yi hattara da farar ƙasar: samanta ɓawo ne, ƙarƙashinta gari kamar toka, mota na faɗawa ta tayar da ƙurar da za ta makantar da na baya. In iska ta taso har ka daina ganin motar gabanka, a tsaya gaba ɗaya, a matso da motoci kusa da juna, a juya musu baya ga iska, kada wanda ya yi nisa ko don kama ruwa.

Mai da ruwa lissafi ne, a yi shi a takarda. Motar da ke shan lita 12 ko 13 a kilomita 100 na kwalta takan sha 20 zuwa 25 a laushi. Ka ɗauka tsakanin Musoro da Faya za ka yi kilomita 700 da kewaye-kewaye, a lita 22, ya kama 154. Ƙara sulusi saboda ɓata da jan wani, ka tashi da 200. Wasu Prado tanki biyu gare su, wasu ɗaya mai lita 87, ka san taka. Ana samun man ganga a ƙauyukan hanya, amma ba kullum ba, kuma yakan zo da ruwa da datti, don haka ka tace da ƙyalle, ka riƙe filtar mai biyu. Filtar iska a kaɗe ta kowace yamma. Ruwa lita 10 ga kowane mutum a yini, sha da girki, da ajiyar kwana uku da ba a taɓawa, a jarkoki da yawa don in ɗaya ta huje kada a rasa duka. Alwala a yi taimama in an yi nisa da rijiya, addini ya sauƙaƙa. A dawowa ka sa ido a kan allurar zafi, don iskar na bayanka, ba ta shiga lagireto. In ta hau, juya hancin motar ya fuskanci iska, ka bar injin yana aiki a hankali, kada ka kashe shi kuma kada ka buɗe murfin ruwa.

Takardu a taƙaice. Za ka shigo ta Kusiri ka haye gadar Ngeli, da takardun mota, da inshorar ƙasashen CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, da takardar kwastan ta shigar da mota. Zuwa arewa kuma sai da takardar izinin zirga-zirga da ake karɓa a Injamena, mai ɗauke da sunayen matafiya da garuruwan da za a bi. A buga ta da yawa, jandarmomi za su karɓa a shingaye, kuma duk garin da aka sauka a je a gaida hukuma. Wayar tauraron ɗan'adam tana da amfani ƙwarai, amma hukumomin Chadi suna tsanantawa a kanta, musamman samfurin Thuraya, don haka shugabanninku su warware maganarta da ta oba-oba da hukuma kafin a tashi. A kuma tambayi halin tsaron hanya a makon tafiyar, ba wata guda kafin nan ba. Bayan Faya akwai wani haɗarin: nakiyoyin da suka rage tun yaƙin Chadi da Libiya. A Wadi Dum, inda aka gwabza a watan Maris na 1987, har yanzu ga ragowar tankokin yaƙi a fili. A nan ba a kauce wa sawun jagaba ko da taku ɗaya, ba a ɗaukar wani ƙarfe don tsaraba.

Kafin Disamba ka roƙi biyu daga cikin tsofaffin hannun ƙungiyarku ku yi kwana biyu a wajen Mawo, a Kanem. Tuddan can ba su kai na Jurab haɗari ba, kuma gari na kusa. Ka kafe da gangan, ka haƙa, ka sa tol, ka sauko da ribas daga rabin tudu har hannunka ya saba, ka ga yadda motarka take a kilo 1.5 da kuma 1.2. A rijiyoyin hanya kuma ka tuna ruwan na masu raƙuma ne, su suka haƙa, da shi suke rayuwa. A yi sallama, a jira layi, a nemi izini, a bar musu ɗan shayi da sukari, kada a ɗaga waya a ɗauki hoton matansu.

Ni da za ka ji tawa, ka je wurin maigidanka tun yanzu ka nemi ƙarin mako guda ka ƙarasa tafiyar da jama'arka. Wanda ya kai Faya ya juyo ya bar abin da aka je dominsa. Unianga tafkuna 18 ne a wurin da ruwan sama bai kai milimita 2 a shekara ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da su, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2012. Za ku yi yini kuna cikin dutse da rairayi, sai ku hau wani ɗan tudu ku ga tafkin Yowan shimfiɗe a ƙasa, shuɗi, dabino kewaye da shi, tuddai na gangarowa har cikin ruwan. In ƙarin hutun bai samu ba, ka kai maganar juyowarka gaban taron ƙungiya tun kafin a biya kuɗin mai, a san motoci biyun da za su rako ka da jagoran da zai zauna a gaba. Ka kuma rubuto mini lambobin da ke jikin tayarka da shekarar motar, in gaya maka ko rim mai inci 16 zai shiga.